Yadda za ka riƙa yi wa Windows facin tsaro duk da tsadar data da ɗauke wuta

Ƙanwata tana da shagon buga takardu: kwamfuta biyu, firinta ɗaya, sai injin kwafi. Ranar da na je duba mata firintar da ta ƙi bugawa, na leƙa shafin sabuntawa na Windows, sai na ga shekara uku cif rabon kwamfutar da karɓar komai. Na ce, "Wa ya taɓa nan?" Ta ce, "Yaya, ai mai gyara ne ya kashe shi, ya ce shi ke shanye mini data, kuma yana sa kwamfuta nauyi." A cikin wannan kwamfutar akwai hotunan fasfo na mutane, da kwafin katin ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawa, da takardun neman aiki masu ɗauke da lambar waya da adireshin gida. Amanar unguwa guda ce a ajiye, ƙofa kuwa a buɗe.

Ban ga laifinta ba. Data tana da tsada, wuta ba ta da tabbas, kuma duk wanda Windows ta taɓa tsare shi yana tsakiyar aiki, kwastoma na tsaye a kansa, ya san takaicin. Sai dai kashe sabuntawa bai magance ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ke magance su shi ne kai ka zaɓi ranar da lokacin da za a yi, ka shirya masa.

Mene ne facin, kuma me ya sa jinkiri ke da haɗari

Mutane ne suka rubuta Windows, kuma a cikin miliyoyin layukan umarninta ba a rasa kuskure. Wani kuskuren ba ya wuce ya sa manhaja ta maƙale. Wani kuwa ɓaraka ce da ɗan kutse zai bi ya shigo, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka gano irin wannan ɓarakar, ana ba ta lamba mai farawa da CVE, sai shekara, sai lambarta, sannan Microsoft ta fitar da gyara. Gyaran nan shi nake kira faci, domin aikinsa ɗaya da na mai facin taya.

Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ke fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. A agogon Nijeriya da Nijar yana fitowa ne da yamma, wajen ƙarfe shida ko bakwai. Ga wurin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ranar da aka fitar da faci, ranar aka sanar da duniya inda ɓarakar take. Masu kutse suna ɗaukar sabon fayil su gwada shi da tsohon, su ga abin da aka canza, su gane ta inda za a shiga kwamfutar da ba a yi wa gyaran ba. Ashe ke nan kwamfutar da ba ta karɓi faci ba ta fi zama cikin haɗari bayan Talatar fiye da kafinta.

An ga haka ƙarara a 2017. Ranar 14 ga Maris Microsoft ta fitar da faci mai suna MS17-010, wanda ya toshe wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu. Ranar 12 ga Mayu, bayan wata biyu, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana kulle fayiloli ta nemi fansar dala 300. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya da aikin tiyata. Ba sai mutum ya danna komai ba, daga kwamfuta ɗaya take tsallakawa zuwa ta kusa da ita. Maganin kuwa yana nan kyauta tun wata biyu da suka wuce.

Fara da sanin wace Windows ce a gabanka

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Wani ɗan akwati zai fito ya nuna maka ko Windows 10 ce ko 11, da sigarta, kamar 22H2 ko 24H2. Rubuta wannan a takarda, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Idan Windows 7 ce, an daina ba ta facin tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Windows 8.1 ta bi bayanta ranar 10 ga Janairu 2023. Windows 10 kuma ta kai ƙarshen tallafinta ranar 14 ga Oktoba 2025. Zan dawo kan abin da mai irin waɗannan zai yi. Idan Windows 11 ce, kada ka saki jiki tukuna: kowace siga ta Home da Pro wata 24 kawai ake tallafa mata. Sigar 23H2, misali, ta daina samun faci a Nuwamban 2025. Wanda ke kanta sai ya haura zuwa sabuwar siga.

Shiri kafin ka danna komai

Nan ne na fi son a daɗe, domin yawancin labaran "sabuntawa ta lalata mini kwamfuta" daga rashin shiri suke tasowa.

Wuta ce kan gaba. Kwamfutar cinya ta kasance a jone da caja, batirinta kuma ya haura rabi. Idan batirin ya mutu, irin wanda da an zare caja sai ta ɗauke, to ɗauke ta tamkar kwamfutar tebur. Ita kwamfutar tebur kada ka fara mata sabuntawa a kan wutar gari kaɗai. Ko dai akwai UPS mai rai, ko inbata, ko ka ta da janareta ka tabbatar akwai man da zai kai awa biyu. Saukar da faci ba shi da haɗari, in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga baya. Lokacin da ake tsoro shi ne bayan an sake kunnawa, sa'ad da allo ke nuna kashi kaza cikin ɗari yana cewa kada a kashe. A wannan lokacin Windows tana cire tsofaffin fayilolinta tana sa sababbi. Na taɓa ganin wuta ta ɗauke a kashi 30, kwamfutar ta dawo tana ta zagaye ba ta shiga, sai da muka kwana muna neman hanyar ceto takardun ciki.

Na biyu, kwafe abin da ba ka son rasawa zuwa filashi ko faifan waje, sannan ka zare shi ka ajiye. Kwafin da ke jone da kwamfuta kullum, manhajar neman fansa za ta kulle shi tare da sauran.

Na uku, mabuɗin BitLocker. Kwamfutoci da yawa na yanzu suna kulle ma'ajiyarsu da kansu ba tare da mai ita ya sani ba, kuma wani lokaci bayan sabuntawa sai wani shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48. Idan da asusun Microsoft kake shiga, je account.microsoft.com/devices/recoverykey daga wayarka, ka kwafe lambar a littafi. Idan kwamfutar ta hannu ce ka saya a kasuwa kuma har yanzu asusun mai ita na farko ne a kai, gyara wannan kafin komai, domin mabuɗin yana hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Sai wuri da agogo. Ka bar aƙalla gigabait 20 a sarari a faifan C. Ka kuma dubi kwanan wata da lokaci a ƙasan allo. Tsofaffin kwamfutoci na hannu suna yawan zuwa da ƙaramin batirin agogonsu a mace, sai ka ga suna nuna wata shekara can baya, kuma da agogo mara daidai Windows ba za ta iya magana da rumbun Microsoft ba.

Sabuntawar kanta

Danna maɓallin Windows da harafin I don buɗe Settings. A Windows 11 ka zaɓi Windows Update a ƙasan jerin hagu. A Windows 10 sai ka bi ta Update & Security. Danna Check for updates. Mai kwamfutar da ke Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Maraɗi ko Damagaram, zai ga Rechercher des mises à jour a wurin.

Abubuwan da za su fito ba matsayinsu ɗaya ba. Wanda sunansa ke ɗauke da Cumulative Update ko Security Update, da lamba mai farawa da KB, shi ne facin wata, kuma shi ne wajibi. Yana tattare da duk na watannin baya, don haka ko shekara ka yi ba ka sabunta ba, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Na Microsoft Defender, manhajar Windows mai kare kwamfuta daga mugayen manhajoji, ƙanana ne, kusan kullum suke zuwa, ka bar su su shiga. Wanda aka rubuta wa Preview, mai fitowa wajen ƙarshen wata, ba dole ba ne, ni ba na sa shi a kwamfutar da ake neman abinci da ita. Haka ma maɓallin nan mai cewa a ba ka sababbin abubuwa da zarar sun fito, bar shi a kashe, facin tsaro zai zo maka ko da shi ko babu.

In ya gama sauka, danna Restart now. Mutane da yawa suna tsayawa kafin nan. Faci bai zauna ba sai an sake kunnawa, kuma kashewa ta Shut down ba kullum take wadatarwa ba, domin Windows tana da wata dabarar tashi da sauri da ke hana ta mutuwa gaba ɗaya. Ka zaɓi Update and restart. Bayan ta dawo, koma ka sake danna Check for updates, ka maimaita har sai ta ce babu saura. Sannan ka buɗe Update history ka tabbatar an rubuta cewa ya shiga lafiya.

Kafin ka fita, shiga Advanced options ka yi abu biyu. Kunna Receive updates for other Microsoft products. Sannan ka saita Active hours, wato awannin aikinka, har awa 18 ana iya zaɓa, kuma a cikinsu Windows ba za ta sake kunna kanta ba. Wannan kaɗai ya kawar da rabin ƙorafin ƙanwata.

Yaushe ya kamata a yi? Ni nakan bari kwana biyu ko uku su wuce bayan Talatar, saboda idan facin ya zo da matsala labari zai fito. Ranar Juma'a da yamma ko Asabar nake yi. Ba na wuce mako guda. Idan kuwa aka sanar cewa masu kutse sun riga sun fara amfani da ɓarakar, ba na jira ko kwana ɗaya.

Batun data

Facin wata yakan ci ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura gigabait ɗaya. Haurawa zuwa sabuwar siga kan ci gigabait da yawa. Ga mai amfani da hotsifot na waya wannan kuɗi ne na gaske, amma akwai hanyar sarrafa shi.

Je Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka buɗe bayanan hotsifot ɗinka, ka kunna Metered connection. Da wannan ka gaya wa Windows cewa datar nan a ƙirge take, sai ta daina saukar da manyan abubuwa a ɓoye. Ranar da ka shirya, ka sayi datar dare mai rahusa ko ka je inda akwai intanet mara iyaka, ka kashe maɓallin, ka sabunta, ka mayar da shi. Akwai kuma Pause updates, wanda ke dakatar da komai har mako biyar. Yana da amfani a lokacin rajistar jarrabawa da shago ke cika, amma ka sa ranar dawowa a kalanda.

Mai kwamfuta fiye da ɗaya a kan intanet guda ya shiga Advanced options, Delivery Optimization, ya kunna rabawa tsakanin kwamfutocin da ke cikin gida kaɗai. Ɗaya ta sauke, sauran su ɗiba daga wajenta. Wata hanyar ita ce catalog.update.microsoft.com: ka rubuta lambar KB, ka sauke fayil ɗin da ya dace da sigarka, ka ɗora a filashi mai tsabta ka zagaya da shi. Fayilolin can sun fi girma, saboda haka sai kwamfutocin suna da yawa abin ke biya, kuma ka karanta bayanin da ke tare da shi, domin wani facin yana buƙatar a sa wani kafinsa.

Idan an kashe ta, ko ta ƙi shiga

Lambar kuskure 0x80070422 tana nufin an kashe hidimar sabuntawa, abin da na tarar a shagon ƙanwata ke nan. Danna Windows da R, rubuta services.msc, ka nemo Windows Update a jerin, ka buɗe shi. Idan an sa Disabled, mayar da shi Manual, ka danna Start. Duba Background Intelligent Transfer Service ma, kada ya kasance a kashe. Idan ka gyara ya sake komawa da kansa, to akwai wata manhajar toshewa da aka ɗora, sai an cire ta. Akwai kuma Windows ɗin da wasu suka yi wa tiyata suka cire mata sashen sabuntawa gaba ɗaya don ta yi sauƙi. Irin wannan ba ta gyaruwa, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Kwafe fayilolinka, ka sauke ta asali daga shafin Microsoft, ka ɗora sabuwa. Ko ba a yi mata rajistar lasisi ba tukuna, Windows ta asali tana karɓar facin tsaro.

Lambar 0x80070070 cikar faifai ce, share tarkace ka sake gwadawa. Ga sauran kurakurai, fara da sake kunnawa, sannan mai binciken matsala na Windows Update da ke ƙarƙashin Troubleshoot. In bai yi ba, buɗe Command Prompt, baƙin allon rubuta umarni, a matsayin mai iko, wato Run as administrator, ka rubuta wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet, kuma yakan tsaya a wuri ɗaya na mintuna kamar ya maƙale, ka ƙyale shi. In ya gama sai ka bi shi da:

sfc /scannow

Idan har yanzu ta ƙi, wataƙila abin da aka sauke ne ya lalace a hanya, abin da ke yawan faruwa inda sabis ke yankewa. A wannan Command Prompt ɗin rubuta net stop wuauserv, sannan net stop bits, ka je C:\Windows ka canza wa foldar SoftwareDistribution suna zuwa SoftwareDistribution.old, ka sake kunna kwamfutar. Windows za ta ƙirƙiri sabuwa ta sauke daga farko.

Idan facin ne ya kawo matsala

Yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Firinta ta daina bugawa, ko sauti ya ɗauke. Je Update history, Uninstall updates, ka cire na ƙarshe bisa kwanan wata. Idan kwamfutar ba ta shiga sosai, riƙe Shift ka danna Restart, ko ka bari ta kasa tashi sau biyu zuwa uku har allon gyara ya fito da kansa, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates. Wanda ya haura sabuwar siga yana da kwana 10 ya koma tsohuwar ta Recovery. Bayan ka cire, dakatar da sabuntawa na mako guda kawai, domin ka sake buɗe ɓarakar da aka toshe.

Windows ba ita kaɗai ba ce ƙofa

Burauza ita ce ta fi kowa cuɗanya da waje. A Chrome danna ɗigo ukun nan, Help, About Google Chrome, ta sabunta, ka danna Relaunch. Office 2007 da 2010 da 2013, waɗanda har yanzu suka cika shagunanmu, duk sun daina samun faci, 2016 da 2019 ma sun bi su a Oktoban 2025, alhali takardar Word da baƙo ya kawo a filashi hanya ce sananniya ta shigowa. WinRAR kuma, manhajar buɗe fayilolin da aka matse a ƙunshi ɗaya, ba ta sabunta kanta. A 2023 an gano mata ɓaraka mai lamba CVE-2023-38831, inda buɗe wani fayil mai kama da hoto a cikin ƙunshi ke tayar da muguwar manhaja. An gyara a siga 6.23, amma sai wanda ya je ya sauke da hannunsa. Umarni ɗaya yana rage wannan wahalar: a Command Prompt rubuta winget upgrade --all, zai sabunta yawancin manhajojin da ya gane. Wadda ba ka amfani da ita kuwa, cire ta.

Ka kuma kiyayi facin ƙarya. Microsoft ba ta aiko da faci ta imel ko WhatsApp, ba ta kuma kiran waya. Duk shafin intanet da ya buɗe maka allo yana cewa burauzarka ta tsufa, danna nan, ko ya ce ka kwafi wani umarni ka liƙa a akwatin Run, rufe shi nan take.

Mai tsohuwar kwamfuta

Idan Windows 10 gare ka, sauke PC Health Check daga Microsoft ka ga ko za ta ɗauki 11. Ana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, da RAM gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, da injin Intel na zubi na takwas, wato 8th Gen, zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Wani lokaci TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. In ta cancanta, haurawa kyauta ne. In ba ta cancanta ba, akwai shirin ESU na ƙarin facin tsaro ga masu siga 22H2, wanda Microsoft ta sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta Enroll now a shafin Windows Update da asusun Microsoft, ko dai kyauta idan ka yarda a adana saitunanka a asusun, ko da dala 30. Wannan ƙarin wa'adi ne na shirin ƙaura.

A shagon ƙanwata, ɗaya kwamfutar ta cancanta, muka haura da ita 11 a daren wata Asabar da janareta a kunne. Ɗayar tsohuwa ce sosai. Muka kwashe takardun mutane daga cikinta, muka share waɗanda masu su suka riga suka karɓa, muka ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wadda kyauta ce kuma tana samun nata facin, tana kuma buɗe takardun Word ta LibreOffice. Ta gane firintar ba tare da an ɗora komai ba. Sannan na ɗauki kalandar bangon shagon na zagaye mata Asabar ɗin da ke bin Talata ta biyu a kowane wata, ta rubuta "faci" a ƙarƙashin kowace da jan biro.